Jan Zaren da Ya Mutu a Kwatano

Tun da na dawo daga Kwatano ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Duk wanda ya zo fadarmu ta bakin shago a Zongo, kafin ya zauna sai ya ce, "Lawali, wai da gaske ne ka suma a gidan tsafi?" Ban suma ba. Kuma ba gidan tsafi ba ne. Hamani mai kayan mota ne ya baza wannan magana, kuma kowa ya san Bazabarme in ya samu labarin Bagobiri irina, abokin wasansa, ba ya barinsa yadda ya same shi. Na gaji da maimaitawa ana katse ni a tsakiya, shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya in huta.

Na gaya wa kowa cewa sarin zare da shadda zan je, in kuma duba Mariyama, ƴar yayana da ke karatu a can. Ban yi ƙarya ba, amma na rage wani abu. Ni tela ne mai aikin wuyan riga, kuma idona ya fara yi mini wasa. Baƙin zare da shuɗi mai duhu sun koma abu ɗaya. In na fito da ƙyalle bakin ƙofa don in duba launinsa a hasken rana, yadda kowane tela ke yi, sai in ga kamar an hura hayaƙi tsakanina da shi.

Kun san halina. Babu ciwon da ban kai asibiti ba. Na taɓa zuwa saboda shaƙuwa. Matata Rabi har ta daina ɗaga kai in na ce ina jin wani abu a ƙirji. Amma wannan ban gaya wa kowa ba, ko ita. Telan da aka ce idonsa ya taɓu ya gama yawo, babu mai sake miƙa masa shaddar salla. In kuwa na shiga layin masu ciwon ido a nan Yamai, kafin a kira sunana labari ya riga ni isa Zongo. Sai na ce a raina, in je inda ba wanda ya san ni, a duba ni a ɓoye.

Na sa ƙwaryar jan zare guda a aljihun gaba. Ita ce ma'aunina. Lokaci lokaci in zaro ta in kalla, in na ga ja ne sai in ce alhamdulillahi, da sauran ido.

Bayan sallar asuba na bar unguwarmu Talaje zuwa tasha. Na zaɓi kujerar tsakiyar mota, don na ji an ce in hatsari ya zo ta gaba ko ta baya, na tsakiya ne ke ba da labari. Ina cikin addu'ar tafiya sai na ji an dafa kafaɗata.

"Bawana! Wa ya ba ka izinin barin gari?"

Hamani ne, zai je tashar jiragen ruwa ta Kwatano karɓar kayansa. A duk Yamai in aka ce in zaɓi mutum ɗaya da ba na son ya san inda na nufa, shi zan zaɓa. Kujerarsa kuma ita ce ta kusa da tawa.

"Zare zan sayo," na ce.

"Zare ya ƙare a Yamai? Ko dai ka ji an ƙirƙiro sabon ciwo a Kwatano, za ka je ka riga kowa kamuwa?"

Har Doso bai yi shiru ba. A can aka tsaya, ya sayi kaza gasasshiya ya cinye rabi, ya miƙo mini sauran yana cewa haƙƙin bawa ne. Na ƙi ci, don ban ga lokacin da aka gasa ta ba. Daga baya yunwa ta sa na ci, sannan na yi ta sauraron cikina har Gaya.

A Gaya, bakin iyaka, tun da aka rufe gada, ta ruwa ake tsallakawa. Ni ruwan da na sani shi ne na buta. Kwalekwalen da aka nuna mana an riga an loda masa buhunan albasa, da moto, wato babur, da rago ɗaure, da wata tsohuwa mai injin markaɗe a cinya. Bakin jirgin da ruwan kogi, tazararsu ba ta kai faɗin tafin hannuna ba. Na tambayi mai tuƙin, wani siririn mutum mai tsinken sakace a baki, ko wurin na da zurfi.

"Baba, mu ma ba mu sani ba. In ka faɗa ka dawo ka gaya mana."

Na zauna a kan albasa na riƙe ƙahon ragon, shi ma ya jingina da ni. Mu biyu ne kaɗai muka fahimci halin da ake ciki. A tsakiyar kogi na zaro jan zarena na duba. Hamani ya gani.

"Laya ce?"

"Zare ne."

"Gobirawa dai! Mutane na riƙe carbi, kai kana riƙe zare. In jirgi ya huje sai ka ɗinke mana."

A ɗaya gefen, jami'in da ke duba takardu ya nemi katin shaida da na rigakafi. Ni kuwa saboda tsoron kada a ce wani abu ya rage, na taho da duk takardar da ke gidana. Na zube masa su a tebur, har da ta auren Rabi da rasiɗin keken ɗinki. Ya ɗaga ta keken ya juya ta, ya tambaye ni da Faransanci ko keken ma zai shiga ƙasar ne. Ya buga hatimi yana dariya, ya ce in wuce kafin in fito da ta haihuwar kakana.

Daga Malanbil muka kama hanyar kudu. Abin da na fara lura da shi, mai a kwalabe ake sayarwa ko'ina a bakin hanya, manya manyan kwalabe kamar tulu, kuma kusa da su mace na suya a kan wuta ba abin da ya dame ta. Na daina kallon taga.

A Paraku aka tsaya cin abinci. Sakwara ce da miyar gyaɗa, da wani cuku mai jan baya da suke kira wagasi, a soya shi a jefa cikin miya. Wannan kam na yaba. Sai na ga wani nama a tukunya mai ƙananan haƙarƙari. Na tambayi mai abincin, wata ƙatuwar mace mai ɗan jin Hausa.

"Aguti ne, Alhaji. Mai daɗi."

Na tambayi Hamani mene ne aguti. Ya ce gyazbi ne, yayan ɓera, kuma ya riga ya ci biyu. Na ce a zuba mini cuku kaɗai. Na ci na ƙoshi, na wanke hannu, sannan na tuna da ludayi ɗaya ta yi ta ɗiban duka biyun. Wannan ludayin ya raka ni har Kwatano.

A Kwatano mun sauka a tasu unguwar Zongo, gidan wani dattijo mutumin garin Tawa da ke saukar da fatake. Hausa ake yi a layin kamar ba ka bar gida ba, har da mai shayi da mai tsire. Amma iskar garin jiƙaƙƙiya ce. Na wanke riga na shanya, washegari na same ta yadda na bar ta, sai ƙarin wari. Alluran da na taho da su suka fara tsatsa a cikin takardarsu. Na tausaya wa telolin garin. Masu kabu-kabu kuma, da suke kira zem, duk rigarsu rawaya ce, kuma sun fi ƙudan kasuwarmu ta Piti Marshe yawa. Mu a Yamai mai moto yana tsoron mota. A can mota ce ke tsoron moto. Teku ma na gan ta, daga nesa. Hamani ya ce mu matsa kusa, na ce daga nan ma ina ganin ba ta da ɗaya gefen.

Asibitin ido kuwa, na je. Wato na hau zem na ce a kai ni. Da muka iso ƙofar na ga mutane na fitowa da auduga manne a ido, ana riƙe da hannunsu, sai na taɓa bayan mai zem na ce ya wuce, ba nan ba ne. Washegari na sake zuwa, na sake wucewa. Rana ta gaba mai zem ɗin da kansa ya tambaye ni, "Yau za mu tsaya, ko gaisuwa ce kawai?"

Ina cikin wannan hali Mariyama ta zo masauki ta same ni. Yarinya ce mai kai, takan yi aikin raka baƙi a wani gidan nuna zane-zane in ba ta da darasi.

"Baba Lawali, gobe ku zo wurin aikina. An kawo wani abu da ba a taɓa kawowa ba. Ku da kuke aikin launi, ku ya kamata ku gani."

Na tambaye ta ko akwai gumaka. Ta ce babu. Hotunan mutane marasa sutura fa? Babu. To me aka rataya?

"Ba a rataya komai ba. Haske ne kawai."

Hamani na gefe yana cin gyaɗa, kayansa sun maƙale a tasha ba ranar fita. Ya tambaya ko akwai na'urar sanyaya ɗaki. Ta ce akwai. Ya ce to shi ma masoyin zane ne tun yana yaro.

A hanya ta yi mana bayani. Wai tun zamanin kakanninta wasu masu zane a Amurka suka ce sun gaji da fenti da allo. Suka ce ai duk abin da mutum ke gani haske ne ke kawo masa shi, to me zai hana a bar fentin a yi aiki da hasken kansa? Sai suka koma gina ɗakuna, suna saita fitilu da gilashi da hazo, mutum ya shiga ya tsaya. Yanzu abin ya bazu duniya, har da ƴan Afirka a ciki, kuma su ne suka shirya wannan.

"To ina zanen yake?" na ce.

"A cikin idonku, Baba. Ɗakin ba ya nuna muku komai, sai yadda kuke gani."

Da jin an ambaci ido na dafa aljihun da zarena yake.

A ƙofa aka ce mu cire takalmi, aka ba mu wasu safa na ƙyalle mu sa. Ɗinkin safar ko almajirin tela ba zai yi shi ba. Ɗakin farko duhu ne ƙirin. Mariyama ta ce mu zauna mu jira, ido zai saba, wani abu zai fito. Muka zauna. Wasu Turawa biyu a gefenmu suna numfashi a hankali kamar masu jiran wahayi.

"Lawali," Hamani ya ce, da muryar da yake ganin raɗa ce, "wannan ai Talaje ce in an ɗauke wuta. Kana da shi kyauta a gida, har da sauro."

Can sai wani abu mai kama da ƙofa, shuɗi shuɗi, ya fara fitowa a bango. Na miƙa hannu in taɓa, babu bango, rami ne. Na janye hannuna na yi a'uziyya.

Wani ɗakin kuma benci ne kewaye, an huda rufin, ka zauna ka kalli sama ta hujin. Hamani ya ce nasa rufin ya yi haka bara da damina, ba wanda ya zo kallo. Amma zan faɗi gaskiya, da fitilun gefen suka canza, sai sama ta koma kore, alhali na san sama ba ta kore. Ban ji daɗin wannan ba. Sama ma a ce ba za a bar ta yadda take ba.

Sai ɗakin rawaya. Nan ne abin ya faru, ku saurara da kyau, don nan Hamani ke ƙara gishiri.

Dogon ɗaki ne, fitilu a sama, komai rawaya kamar an tsoma duniya a ruwan ɗorawa. Na shiga ina kallon ƙasa don kada in yi tuntuɓe. Hannuna da kansa ya tafi aljihu, don ya saba. Na zaro jan zarena.

Baƙi ne.

Na juya shi. Baƙi. Na goge ido da hannun riga na sake dubawa. Baƙi mai toka toka, kamar gawayin da ya kwana. Na kalli zanen Mariyama, wanda da safe na ga shi kore da ja, ya koma toka. Hular Hamani toka. Tafin hannuna kamar na gawa. Abin da nake tsoro tun daga Yamai, wanda na tsallaka kogi da shi, na wuce ƙofar asibiti da shi, ya zo ya same ni a tsaye cikin safar aro.

Ban suma ba. Zama na yi a ƙasa, da ɗan sauri. Kuma na ɗaga murya, wannan na yarda.

"Inna lillahi! Ta zo! Mariyama, makantar ta zo! Ku kira Rabi! Dama na sani, watanni ke nan ina gani kamar ta cikin hayaƙi, ga shi launi ya tafi gaba ɗaya!"

Turawan nan suka ja da baya. Ɗaya ta fara ɗaukata hoto da salula, ina jin ta zaci cikin shirin nake. Mariyama ta durƙusa ta riƙe hannuna.

"Baba, ku tsaya. Kowa haka yake gani. Fitilar ce. Launi ɗaya tak take fitarwa, shi ya sa sauran launuka ba su da abin da za su mayar wa ido. Tonton Hamani, wane launi ne zaren nan?"

"Baƙi ne," in ji Hamani. Ya kalli hularsa da ya cire. "Kai, wallahi har hulata sun kashe."

Ta ja ni zuwa bakin ƙofa, ta ce in miƙa hannu waje. Zaren ya koma ja a hasken baranda. Na dawo da shi ciki, baƙi. Waje, ja. Na yi ta yi har mai gadi ya zo ya ce in bar hanya.

Daɗin da na ji a lokacin ba ya faɗuwa. Na ce ashe haka ne! Ashe ido ba shi da laifi, haske ne munafuki. Nan take na yanke hukunci cewa lafiyata ƙalau, fitilar shagona ce kawai ke son canji, gobe in sayi zare in koma gida, asibiti kuma ya ci kansa. Abu ɗaya ne ya rage mini daɗi. Hamani na tsaye yana kallona, kuma bai yi dariya ba. Ya ji maganar watanni da hayaƙi.

Ɗaki na ƙarshe fari ne. Ana hawa ƴan matakai a shiga, kuma an goge duk kusurwoyinsa, babu inda bango ya haɗu da ƙasa, babu inuwa. Ka tsaya kamar an jefa ka cikin ƙwaryar nono. Ba ka san ko bangon na gaban hancinka ba ne ko yana Doso. Ni da na saba da layi da gefe, sai na ji jiri. Na yi abin da tela ke yi in yana son ya ga ko ɗinki ya miƙe, na rufe ido ɗaya. Duk rayuwata na hagu nake rufewa, in auna da na dama. Ranar nan gumin firgitar da na sha ya gangaro ya shiga na dama, sai na rufe shi, na bar na hagu.

Ɗakin ya koma ruwan kunun tsamiya.

Na buɗe na dama, ya dawo fari. Na rufe, kunu. Na buɗe, fari. Na yi dariya da ƙarfi, don yanzu na zama ɗan gari.

"Kai, mutanen nan shaiɗanu ne! Mariyama, ta yaya fitilar ke sanin idon da na rufe? Hamani, gwada ka gani. Rufe na dama, ɗakin zai koma kunu."

Hamani ya rufe na dama. Ya rufe na hagu. Ya sake.

"Fari ne, Lawali."

"Ba ka iya ba ne. Rufe sosai."

"Na rufe. Fari ne duka biyun."

Na juya wurin Mariyama. Ba ta ma gwada ba. Tana kallona ne kawai, ta haɗa hannuwa a ƙirji.

"Wannan ɗakin ba ya canzawa, Baba," ta ce a hankali. "Fari ne tun safe har a rufe."

A wurin babu abin da mutum zai kalla don ya kauce wa idon wani, babu ko kusurwa. A shago kullum akwai abin da zan ɗora wa laifi, ko fitila, ko ƙura, ko zaren zamani marar kyau. Nan sun kwashe komai sun bar ni da idona.

Hamani ne ya fara magana.

"Gobe da safe zan zo in ɗauke ka. Bawana ba zai makance ba, wa zai ɗinka mini rigar salla kyauta?"

Ya zo kuwa. Ya hau zem ɗaya, na hau ɗaya, ya ce wa nawa in na taɓa bayansa kada ya kula. Likitar mace ce, ƴar gajeriya mai saurin magana, Mariyama na fassara. Ta haska idona ta ce yanar ido ce, ta hagu ta nuna, ta dama ta fara. Na tambaya ko ana mutuwa. Ta ce kowa na mutuwa, amma ba da wannan ba. Na tambaya ko za a cire idon a wanke a mayar ne, kuma in aka mayar da shi a juye fa? Na tambaya in na yi atishawa a tsakiyar aiki fa? Ta ajiye alƙalami ta ce wa Mariyama wani abu. Na ce me ta ce? Wai ta ce da za a iya yi wa baki allurar barci a bar ido, da ta fi so.

Ranar aikin ina farke aka yi. Ban ji zafi ba, sai haske da ruwa da wasu launuka na yawo, irin na gidan su Mariyama, har na ce a raina ashe nan ma suna da reshe. Abin da ya fi damuna shi ne yadda zan yi alwala da sujada, na kuma tambaya har aka gaji da ni.

Washegari aka cire audugar. Jama'a, ashe duniya shuɗiya ce. Ashe farin bango fari ne har yana cizo. Na ga zaren da ke jikin rigar likita ɗaya bayan ɗaya, na ga inda telanta ya yi tsalle a kafaɗa. Sannan na juya na ga Hamani a bakin gado.

"Hamani, ashe haka kake da muni? Shekara da shekaru ina yi maka uzuri."

"Likita," ya ce, "a mayar masa da audugar."

Kafin mu taso na koma farin ɗakin nan ni kaɗai. Na rufe ido ɗaya, na rufe ɗayan. Yanzu na hagu ne ke ba ni fari tas, na dama ya fara ja zuwa ruwan shayi. Wato akwai sauran aiki. Na gaya wa Mariyama har yanzu ban yarda a kira ɗaki marar komai zane ba. Ta ce ba komai, ɗakin bai nemi yardata ba.

A hanyar dawowa na roƙi Hamani ya rufa mini asiri. Ya rantse. A cikin kwalekwale ya sake rantsewa. Kafin mu iso Doso na ji shi a salula yana cewa, "Wallahi a ƙasa, yana kiran Rabi!"

Na iso Talaje da la'asar, sanye da baƙin tabarau. Na tsaya a ƙofar gidana na cire shi. Gaban gidan, wanda ni da kaina na zaɓi fentinsa na ce ruwan madara ne, ashe ruwan hoda ne mai ihu, irin na shagon gyaran gashin amare. Rabi ta fito da buta a hannu.

"Malam, sannu da hanya. Me kake kallo?"

"Rabi, wa ya yi wa gidan nan haka?"

"Kai. Mun gaya maka, ka ce mu ba mu san launi ba, kai ne tela."

Aiki kuwa bai gudu ba. Wasu sun janye, ban ga laifinsu ba. Wasu kuma sun zo musamman don su gwada idon Kwatano, su kawo baƙin ƙyalle da shuɗi su ce in raba, in raba musu, su bar ɗinki. Na dama kuma an ba ni lokaci bayan salla, a nan Yamai za a yi, tunda babu sauran abin ɓoyewa. Ina tsoro, kada wani ya ce ba na tsoro.

Akwai wani dattijon tela a layinmu, ba zan faɗi sunansa ba, ya girme ni a sana'a kuma ya fi kowa dariya in ana ba da labarin faɗuwata. Shekaranjiya da hantsi na hango shi daga cikin shagona. Ya fito bakin ƙofarsa da zare a hannu, ya duba hagu da dama ya ga ba kowa. Ya rufe ido ɗaya. Ya buɗe, ya rufe ɗayan. Ya daɗe a haka. Sannan ya sa zaren a aljihu ya koma ciki, kuma ban ji ƙarar kekensa ba har azahar.

Malam, na gan ka, da idon hagu. Ba sai ka tsallaka kogi da rago ba. Ranar da za a yi mini na dama, ka zo ka raka ni. In an tambaya, ka ce hannuna ka zo riƙewa.